Amsa ga mai tambaya kan dusashewar hasken mitar tsohuwar mota

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce da daddare sai ka sunkuya kafin ka ga allurar gudu da ta mai, kana tambaya ko ka cire tsofaffin ƙwayayen fitilar ka zuba na zamani da ake kira LED. Na taɓa shiga wannan halin, kuma gaggawa ta sa na yi aikin har sau biyu.

Kafin ka ɗauki sukundireba, duba ɗan abin murɗawar nan na rage haske da ke kusa da sitiyari. Juya shi gaba da baya kamar sau 20, domin datti kan taru a cikinsa ya rage wutar. Wani daga nan matsalarsa ke ƙarewa.

In bai yi ba, cire wayar batir ta ɓangaren da ke da alamar ragi, sannan ka zaro mitar a hankali. A bayanta za ka ga ƙananan ƙwayaye, galibi masu lamba T5 ko T10. Da na ɗaga nawa a rana, gilashinsu ya yi baƙi ƙirin kamar tsohon gilashin fitilar ƙwai, biyu kuma sun mutu tuntuni ban sani ba. Haka suke yi in sun tsufa: suna kamawa, amma hasken ba ya fita. Wurin da suke zama akwai siririn tagulla da ke yin tsatsa, sai na goge shi da abin goge fensir har ya yi ƙyalli. Robar gaban kuma tsumma mai laushi da ruwan sabulu ya ishe ta, kada fetur ya taɓa ta. Allurai kuwa, don Allah kada ka cire su, mayar da su daidai wahala ce.

To, batun LED. Yana da haske, ba ya cin wuta sosai, amma yana da hali. Na farko da na saya masu haska gaba kawai ne, sai wajen lamba 60 ya yi fau, gefe kuma duhu. Nemi masu watsa haske ta ko'ina, masu launi ɗaya da na mitarka. In ka sa wani bai kama ba, zare shi ka juya ƙafafunsa, domin ta hanya ɗaya yake karɓar wuta. Shi ya sa za ka gwada kafin ka ɗaure noti. Kuma sau da yawa abin rage hasken ba ya iya rage shi sosai, ga shi haske mai yawa a gabanka yana hana ido ganin titi da dare.

Inda na ci wuya shi ne fitilar alamar batir. Na canza ta ita ma, washegari altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ta ƙi caji sai na taka totur da ƙarfi. Mai rewaya ne ya ganar da ni cewa a tsofaffin motoci da yawa, ta cikin wannan ƙwan 'yar wutar da ke tayar da altaneta take bi, LED kuma ba ya barin isasshiya ta wuce. Na mayar da ƙwan asali, caji ya dawo. Wannan guda ɗayan ka bar shi yadda ka same shi.

In ka buɗe, turo mana hoton bayan mitar mu ga lambar ƙwayayen.