PSA da CD4: Amsa ga ɗalibina a ɗakin gwajin jini

Ɗana, tambaya biyu ka yi mini, ka ce in rubuta maka amsar don ka riƙa komawa kanta. Ta farko a kan dattijon nan ce da aka turo mana daga wajen Daura, wanda PSA ɗinsa, wato furotin ɗin nan da ake aunawa a jinin maza, ta fito 9. Ka ce tunda takardar sinadari ta nuna iyaka 4 ce, me ya sa na hana ka ba ɗansa amsa lokacin da ya tare ka yana tambaya ko ciwon daji ne. Ta biyu kuwa, me ya sa har yau muke kashe sinadari wajen ƙirga CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa, alhali kowa na cewa awon yawan ƙwayar HIV a jini ya maye gurbinsa. Duka biyun daga wuri guda suka taso: ka karanta lamba tun ba ka tambayi abin da aka auna ba, da jikin da aka auna, da hanyar da jinin ya bi kafin ya iso bencinka.

PSA ba kansa, wato ciwon daji, ke yin ta ba. Furostet ke yin ta, wato 'yar ƙwayar nan mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda hanyar fitsari ta ratsa ta cikinta. Amfaninta tsinka maniyyi, kuma a can take da yawa, kaɗan ce ke zurarowa cikin jini. Duk abin da ya kumbura furostet, ko ya matse ta, ko ya ji mata ciwo, zai ƙara yawan wadda ke zurarowa. Kansa tana yin haka, babu musu. Amma girman furostet na tsufa ma yana yi, kuma shi ya fi yawa a cikin dattawan da ke zuwa wurinmu. Haka ƙwayar cuta a hanyar fitsari, da riƙewar fitsari, da sa robar fitsari. Ko kusantar iyali cikin kwana 2 kafin a ɗebi jini, ko doguwar tafiya a kan keke, suna iya ɗaga ta kaɗan.

To ka lura da dattijon da kyau? Da ya zauna zai miƙo hannu, sai da ya gyara babbar rigarsa da hannun hagu, a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fizge. Jakar fitsari ce a ƙarƙashinta. Na tambaye shi, ya ce shekaranjiya fitsari ya ƙi fita, aka sa masa roba da dare. Babu ko kalma ɗaya ta wannan a kan fom ɗin. Mutumin da mafitsararsa ta cika ta matse furostet, sannan aka zura masa roba, idan PSA ɗinsa ta fito 9 ba ta gaya mana komai tukuna a kan ciwon daji ba. Shi ya sa na rubuta wannan bayani a ƙasan sakamakon, na kuma sanar da likitansa. Idan akwai ƙwayar cuta a fitsarin, a yi magani, a jira kamar mako 6, a sake aunawa.

Ita kanta 4 ɗin da ka riƙe, ka san iyakarta. A 1979 ne masu bincike a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo a Amurka suka tace PSA daga naman furostet. Da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin a 1986, don bin diddigin waɗanda aka riga aka san suna da cutar ta amince da shi. Sai a 1994 aka yarda a yi amfani da shi wajen neman cutar a jikin wanda ba a san yana da ita ba, shi ma tare da duba na yatsa da likita ke yi. Har yau a aikin farkon nan ya fi ƙarfi. Idan an cire furostet gaba ɗaya, PSA tana raguwa da rabi duk kwana 2 zuwa 3, har ta kusan ɓacewa, in kuwa daga baya ta dawo ta kai 0.2, likitoci sukan fara zargin cutar ta dawo. Amma wajen neman cutar, tsakanin 4 da 10 nanogiram a mililita, kusan mutum 1 cikin 4 ne ake samunsa da kansa idan an ɗauki nama an duba. Ƙasa da 4 ɗin ma ba tabbacin lafiya ba ne: wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya sami kansa a jikin kusan kashi 15 cikin 100 na mazan da PSA ɗinsu ba ta wuce 4 ba. Ka kuma riƙa tambayar maganin da mutum ke sha. Finasteride, da ake ba masu girman furostet, yana rage PSA da kusan rabi bayan wata 6, don haka 3 a jikin mai shan sa daidai take da 6 a jikin wani.

Kada wannan ya sa ka raina gwajin. Kansar furostet ita ce ta fi kowace kansa kama maza a Najeriya, kuma baƙar fata sun fi sauran jinsi haɗarinta. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin namu sai cuta ta kai ƙashi suke zuwa, da ciwon baya da rama, an gama zagayen masu magani. A irinsu za ka ga PSA ɗari-ɗari, har dubu. Nan ma akwai tarko. Idan PSA ta yi yawa fiye da kima, wasu injuna sukan fitar da ƙaramar lamba, saboda ta cika sinadaran da ya kamata su kama ta daga ɓangare biyu har sun kasa haɗuwa. In ka ga fom an rubuta furostet ta yi tauri, ga ciwon ƙashi, amma inji ya ba ka lamba 'yar ƙarama, kada ka sa hannu. Ka tsarma ruwan jinin yadda takardar sinadarin ta tsara, ka sake sawa. Hukuncin ƙarshe kuwa ba a bencinmu yake ba. Sai an ɗauki gutsuren nama, likitan da ke duba nama ya gani a madubi, ya ba shi makin Gleason, mai nuna tsananin cutar.

Akwai abin da ke hannunka kai kaɗai. Jinin PSA a kwalba mai jan murfi ko mai ruwan ɗorawa yake shiga. Ka bar shi kamar minti 30 ya daskare, ka juya shi a inji, ka raba ruwan da gudan jinin kafin awa 3. In ba ranar za a auna ba, firij, in zai wuce kwana guda, firiza. Wannan ya fi muhimmanci idan likita ya nemi kason PSA mai yawo ita kaɗai, wadda ba ta manne da wani furotin ba. Idan kasonta ya haura 25 cikin 100, an fi kyautata zaton girman tsufa ne, idan ya gaza 10, zargi ya ƙaru. Ita ce kuma take fara lalacewa in jini ya daɗe a benci. Ka ga ke nan jinin da ka manta da shi tun safe har la'asar zai iya sa a soki bawan Allah da allurar ɗaukar nama ba gaira ba dalili. Wanda ake bin diddiginsa kuma, a riƙa auna shi a inji guda, domin tsakanin wani kamfani da wani akan sami bambancin da ya kai kashi 20 cikin 100.

Ɗan dattijon ba don ƙeta na hana ka amsa masa ba. Kalmar "daji" in ta fita daga bakin mai farar riga, kafin magariba ta isa ƙauye, wani ma ya fara tunanin sayar da gona.

Sai tambayarka ta biyu. Awon nan biyu ba abu guda suke faɗa ba. Yawan ƙwayar cutar a jini yana nuna ko magani yana aiki yanzu. CD4 kuwa tana nuna ɓarnar da aka riga aka yi wa garkuwar jiki. Lafiyayyen babba yana da 500 zuwa 1,500 a kowace mikrolita ta jini. A da ita ce ƙofar samun magani: sai ta sauka ƙasa da 200 ake farawa, daga baya aka ɗaga zuwa 350, sannan 500. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita awon yawan ƙwaya wajen bin mai shan magani, a 2015 ta ce a ba duk wanda aka samu da cutar magani ko nawa CD4 ɗinsa take, Najeriya kuma ta ɗauki wannan tsari a 2016. Don haka wanda ke shan maganinsa, ƙwaya ta kwanta, babu buƙatar a yi ta ƙirga masa CD4. Awon ƙwaya ake yi masa a wata na 6, da wata na 12, sannan shekara-shekara.

Amma wanda ya zo yau a karon farko fa, ko wanda ya bar magani ya dawo a rame? Shi CD4 ce za ta gaya wa likita ko yana bakin haɗari. Ƙasa da 200 na nufin cutar ta yi nisa, nan take a nemi tarin fuka, har da gwajinsa na fitsari, a kuma duba jininsa ko akwai alamar kiriftokokus, ƙwayar da ke jawo wani mugun sanƙarau. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar a Najeriya, Katsina kuwa tana cikin mafi ƙaranci, da kashi 0.3. Alhamdu lillahi. Sai dai a ganina ƙarancin nan da kunya su ke sa ba a kawo cutar a rai da wuri, a yi ta maganin taifot da zazzaɓin cizon sauro har jiki ya ƙare. Irin wannan majinyacin shi muke ajiye wa sinadarin CD4.

Inda sababbin hannu ke ruɗewa shi ne duka biyun a kwalba mai shunayyan murfi ake ɗiba, amma riƙonsu ya saɓa. Jinin CD4 ƙwayoyinsa muke ƙirgawa, don haka ba a juya shi a inji, ba a sa shi a firij, ba a jingina shi da ƙanƙara. Da ka ɗiba, ka kifa kwalbar ka tayar a hankali kamar sau 8, kada ka girgiza, a kuma auna kafin awa 48. Kafin ka sa a inji, ɗaga ta ka duba a haske, ka karkata ta. In ka ga ɗan guda yana bin jikin kwalbar, ko ƙanƙani ne, a sake ɗiba, domin gudan ya riƙe ƙwayoyi, lambar za ta fito ƙasa da gaskiya. Na awon ƙwaya kuwa filasma, wato ruwan jinin, muke so: a juya, a raba cikin awa 6, a sanyaya. Kwalba mai koren murfi ba ta shiga wannan aiki ko kaɗan, hefarin da ke cikinta don hana jini daskarewa yana hana PCR, wato hanyar da ake awon ƙwayar da ita, tafiya.

Ka kuma tuna inda muke. A watan Afrilu zafin Katsina yana haura digiri 40. Jinin da aka ɗauko a babur daga Mai'adua ko Zango cikin leda, rana na dukansa, ka tambayi ƙarfe nawa aka ɗebe shi kafin ka karɓa. In ba a rubuta lokaci ba, ka mayar da shi cikin ladabi, ka faɗi dalili. Don irin waɗannan wurare aka fito da ɗiga jini a kan kati: a cika da'irorin, a bar shi ya bushe a inuwa aƙalla awa 3, a sa a leda tare da ƙunshin da ke tsotse laima. CD4 ɗin ma tana hawa da sauka tsakanin safiya da yamma, zazzaɓi kuma yana saukar da ita na ɗan lokaci, shi ya sa lamba ɗaya da ta saɓa wa yanayin mutum ake sake ta.

Idan awon ƙwaya ya haura 1,000 a mililita, ana zaunar da mutum a ƙarfafa masa shan magani, a sake aunawa bayan wata 3. In ya sake haurawa, likita ya fara maganar canja masa magani. Duba nauyin da ke kan kwalba guda. Saboda haka lambar majinyaci a gabansa ake rubuta ta, kafin ya tashi daga kujera, ba bayan ka tara kwalabe biyar a tire ba. Abin da ka gani a rajistar nan kuma a ɗakin nan yake kwana. Garin nan kowa ya san kowa, ko a gida kada ka ce ka ga wane.

Ka taɓa ce mini kana sha'awar bincike. Yawancin alƙaluman da na kawo maka a kan PSA daga mazan Amurka da Turai aka samo su, namu sai mu muka tattara. Daga Litinin ka ƙara layuka a rajistar PSA: shekarun mutum, ko yana da roba, ko fitsari ya riƙe masa, maganin da yake sha, lokacin da aka ɗebi jinin, lokacin da aka juya shi, da injin da aka yi amfani da shi. Ka bar fili a ƙarshe don sakamakon nama in ya dawo. Idan ta taru, sai mu rubuta wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti mu nemi izini, mu cire sunaye, sannan mu fara lissafi.