Na Sha Tuba, Amma Caca Ta Ƙi Sakina

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ni tela ne, shekarata 29, ina da mata da 'ya ɗaya, kuma ni ne ma'ajin ƙungiyar mawaƙa a ikilisiyarmu. Shekara biyu ke nan da na faɗa cacar ƙwallo ta waya. Da naira 200 na fara. Yanzu ko ana tsakiyar wa'azi sai hannuna ya shige aljihu, in duba ko tikitin cacata ya yanke, wato ko an cinye ni. Sau uku ina goge manhajar, na yi azumin kwana bakwai, na fita gaba a taron farkawa ina kuka. Ko sati biyu ba a yi ba na koma. Abin da ya hana ni barci shi ne na taɓa kuɗin mawaƙa, naira 85,000 da muke tarawa don sayen yadi. Ko matata ba ta sani ba. An ce wanda Ɗan Allah ya 'yanta ya 'yantu da gaske. To ni me ya sa nake a ɗaure? Ko baftismata ta banza ce?

Wani ɗan'uwa daga Kafanchan

Ɗana, baftismarka ba ta banza ba ce. Manzo Bulus da kansa ya yi irin kukanka a Romawa 7:19, cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba, sai muguntar da ba ya so. Kada ka tsaya nan da karatu, ka wuce sura 8 aya 1, inda ya ce babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu.

Ka tuna Isra'ilawa. Sun haye teku, Fir'auna ba shi da sauran iko a kansu, amma a jeji suka zauna suna marmarin kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar (Littafin Ƙidaya 11:5). Sun fita daga bauta, ɗanɗanonta ne bai bar bakinsu ba. Nan kake. Kwaɗayin zai riƙa kiranka, musamman Asabar da yamma in an fara wasa, amma shi ba ubangidanka ba ne yanzu, ba dole ka amsa ba.

Abin da na lura da shi a wasiƙarka: duk ƙoƙarin da ka yi, kai kaɗai ka yi shi, a ɓoye. Wannan ɓoyon ne igiyar da ta rage. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a don a warkar da mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka fara da matarka, sannan ku je wurin fasto ko dattijon da ka amince da shi. Ka miƙa littafin kuɗin ƙungiya da hannunka tun ba a tambaye ka ba, ka faɗi nawa za ka riƙa biya duk wata. Zakka da ya karɓi Yesu a gidansa, alkawarin mayar wa mutane haƙƙinsu ninki huɗu ya yi (Luka 19:8). Kai naira 85,000 kawai ake binka.

Na san tunanin da zai zo maka: bari in buga tikiti ɗaya in cike gurbin kafin kowa ya ji. Kada ka saurare shi, shi ya kai ka inda kake.

Wataƙila ikilisiya ta sa ka a horo, ka daina hawa wurin mawaƙa na ɗan lokaci. Zai yi zafi, ba zan ɓoye maka ba. Ka karɓa. Babbar wayar nan ka ba matarka ta ajiye, ka koma ƙarama mai tocila, kuɗin ɗinki kuma su riƙa shiga hannunta. In ka sake zamewa, ka faɗa mata a ranar, kada ya kwana.

Ina yi maka addu'a. Ka sake rubuto mini bayan kun yi magana da ita.