Tambaya da Amsa: Giyar Bayan Motar Rimot Ta Cinye, Wacce Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya kawo mini motar rimot daga Dubai, irin mai manyan tayoyin nan da ke hawa kan komai, girman 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), tayoyi huɗu duka na ja. Da batir 2S ta zo, na mayar da ita 3S, na kuma sa mata tayoyin da suka fi nata girma. Tun daga nan difaranshal na baya, wato akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya, ya fara ƙara ƙas-ƙas in na ba ta wuta, yanzu kuwa tayoyin gaba kaɗai ke ja. Na ga ana tallar wasu na alminiyam masu launi a intanet. Wanne zan saya mai ƙarfi? Daga mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, da hannunka ka ɗora wa motar nan kayan da ba a ƙera ta domin su ba. Batir 2S, mai ƙwayoyi biyu a haɗe, wutarsa volt 7.4 ce, 3S mai ƙwayoyi uku kuwa 11.1, wato ka ƙara mata rabin abin da take sha a da. Ka zo kuma ka ƙara girman taya, alhali duk girman taya sai giya ta ƙara wahala kafin ta juya ta. Nauyin nan biyu a wuri ɗaya suke sauka, wurin da kake jin ƙarar.

Kada ka sayi komai tukuna. Kwance difaranshal ɗin, wanke da kananzir, ka duba a rana. Akwai babbar giya mai zobe da ƙaramar da ke juya ta, sannan cikin kofin da ke haɗe da babbar giyar akwai 'yan ƙananan giyoyin da ke ba tayoyi damar juyawa da gudu daban-daban a kwana. Ƙas-ƙas ɗin da ka ji alama ce ta haƙoran ƙaramar suna tsallake na babbar. In ka tarar da saman haƙoran ya goge, su ne. In suna nan lafiya amma kofin cike yake da garin ƙarfe, to na ciki ne suka tafi.

Alminiyam ɗin da ya ɗauki hankalinka, launin ne kawai ake sayar maka. Ga haƙoran giya bai kai ƙarfe tauri ba. Inda yake da amfani shi ne kofin, domin kofin roba yakan ɗan lanƙwashe in an matsa masa, giyoyin ciki su kauce wa juna. Su kuwa giyoyin, nemi waɗanda aka yanka daga dunƙulen ƙarfe aka kuma gasa su suka yi tauri. Masu araha yawanci narkakken zinki ne da aka zuba a mazubi, ko garin ƙarfe da aka matse, kuma su ne ke ɓantarewa. In akwai masu karkatattun haƙora na samfurin motarka, sun fi masu miƙaƙƙu ɗaukar nauyi, domin haƙoran na shiga juna a hankali. Kofi mai ƙananan giyoyi huɗu ma ya fi mai biyu.

Ƙirga haƙoran tsohon kafin ka yi oda. In babbar 37 ce ƙaramar 13, to sabon ma haka zai zama, ko kuma ka sauya gaba da baya tare. Da zarar lissafin gaba ya bambanta da na baya, motar da kanta za ta riƙa kokawa. Kuma babbar da ƙaramar tare ake sauya su.

Inda na fi so ka tsaya shi ne wajen ɗaurawa, don na ga giyoyi masu tsada sun cinye cikin mako ɗaya a hannun mai gaggawa. Akwai siraran washa masu kaurin milimita 0.1 da 0.2 da ake sawa bayan ƙaramar giya ko gefen kofi don rage ratar da ke tsakanin haƙora. Ka riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya, kana rufewa kana juyawa da yatsa, har ya zama tana juyawa ba ta cije ba, ba ta kuma yin girgiɗi sai ɗan kaɗan. Aiki ne mai cin rai, amma duk bakaniken da ya taɓa ɗaura giyar bayan babbar mota zai gaya maka shi ne aikin. Sauya boris ma a lokacin. Boris da ya saki yakan bar ƙaramar giya tana rawa, kuma da ƙurar hunturun garin nan, mai murfin roba za ka nema. Cikin kofi man silikon ake zubawa, mai lambar kauri 10,000 zuwa 30,000 ya wadatar a baya, haƙoran waje kuma giris. Kada wani ya ce maka ka cika kofin da gam don tayoyi su ja tare.

Sai yatsanka. In mota ta yi tsalle, saki totur kafin ta dira. Tayoyi na gudu a iska su dira ƙasa su tsaya cak, wannan bugun ne ke karya haƙora fiye da komai. Haka daga ribas kai tsaye zuwa gaba. Yashin bayan gari ma sauƙi ne gare ta tunda taya na zamewa. Kwalta da intalok ne ke riƙe taya su bar giya da wahala. In na'urar da ke ba inji wuta tana da saitin ƙarfin tashi, rage shi mataki ɗaya ko biyu, kuma in akwai kulocin zamewa, wato wanda ke ɗan zamewa don kare giya in bugu ya yi yawa, kada ka ɗaure shi tamau.

Ka kuma sani, in difaranshal ya yi ƙarfi, sandunan da ke kai juyi ga tayoyi ne za su fara karyewa. Ni nakan bar su na roba da gangan, sun fi araha kuma sauya su bai kai minti goma ba. Ɗauko lambar kayan daga littafin motar, kada ka dogara da hoto, kuma tunda oda na ɗaukar makonni kafin ta iso Katsina, sayi saiti biyu lokaci ɗaya.