Ku Tambayi Masunci: Na Yaga Ragar Wani Dattijo Ina Jan Ƙugiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Yauri. Bara na sayi jirgi da inji mai doki 15, na fara kamun kifi irin wanda ake sakin ƙugiya da kifin roba a bayan jirgi ana tafiya a hankali. Na kama giwan ruwa sau biyu, amma galibi hannu rabbana nake dawowa, ga zare kullum a murɗe. Abin da ya fi damuna shi ne makon jiya ƙugiyata ta sarƙe a ragar wani dattijo, na ja da inji, ragar ta yage. Ya faɗa mini magana, ni ma na mayar, domin ruwa na Allah ne, kuma ban ga alamar raga a wurin ba. Yanzu a bakin ruwa wasu ba sa amsa gaisuwata. Laifin wa ne? Kuma yaya zan gyara jan nawa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Zan fara da maganar jan, domin idan ka fahimce ta, kai da kanka za ka ga inda laifin yake.

Gudu ne yake hana ka kifi. Yawancin matasan da nake gani da sabon inji suna ja kamar masu bin kasuwar Rofiya. Saurin da ake so shi ne na mutum mai tafiya da ƙafa, kamar kilomita 3 zuwa 5 a awa. Kafin ka saki zare, jefa kifin robar a gefen jirgi ka zuba masa ido. In yana kaɗa jela kamar kifin da ya ji rauni, ka samu saurin da ya dace, ka riƙe shi. In yana jujjuyawa kamar farfela ko yana tsalle saman ruwa, rage mai. Wannan jujjuyawar ce take murɗe maka zare. Sayi ɗan ƙarfen nan mai juyawa ka ɗaura tsakanin zare da koton, wato kifin robar, ka kuma ƙara 'yar waya mai tsawon kamu guda a gaba, saboda kifin nan tsage. Haƙoransa suna datse zaren roba kamar almakashi, ya tafi maka da kifin robar da ka saya da tsada.

Zaren kuwa ka saki kamar mita 30 zuwa 50. Iya tsawonsa da sirantakarsa, iya nitsewar koton. Giwan ruwa ba ya yawo a tsakiyar fili, maharbi ne mai kwanto. Yana laɓewa a gindin duwatsu, da bakin tsohuwar hanyar kogi inda ƙasa take zurmawa gaba ɗaya, da cikin itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka datse Kainji a 1968. Gefen waɗannan wuraren za ka bi, da sassafe ko bayan la'asar. Kada ka yi ta tafiya ɗoɗar. Ɗan karkata dama, ɗan karkata hagu, domin duk kwanar da ka yi sai saurin koton ya canza, kuma a wannan lokacin ne kifin da yake binsa a baya yake kai cafka. In zare biyu kake ja, ka sani na cikin kwana yana rage gudu ya nitse, na waje yana ƙara gudu ya taso. Kwana mai faɗi ake yi, in ba haka ba na ciki ya kama kututture ko su biyun su harɗe. Ranar da Allah ya ba ka babba, kada ka zura hannu a marfin kunnensa, akwai kaifi a wurin da yake yanka kamar reza.

Ka kuma lura da ruwan kansa. Tafkin nan ba ya zama wuri ɗaya. Akwai cikar damina mai laka da take zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa da yake isowa da sanyin hunturu daga can ƙasar Gini bayan ya yi watanni a hanya. In ruwa ya yi laka, kifi ba ya gani sosai, sai ka sa koto mai haske ko mai ƙara. In ruwa ya ja baya da bazara, kututturen da ka wuce ta kansa lafiya a watan Janairu shi ne zai fasa maka jirgi a watan Yuni. Rigar kariya ta zauna a jikinka, ba a ƙarƙashin benci ba.

To, yanzu mu zo kan dattijo.

Ɗana, ka yi lissafi. Jirginka bai fi mita 8 ba, amma kana jan mita 40 na zare da ƙugiyoyi a baya, a ƙarƙashin ruwa inda ba wanda yake gani. Kai kaɗai ka cinye wurin da kwalekwale biyar za su jera. Kuma kai ne mai motsi. Raga ba ta tashi ta zo ta same ka, mamari, doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, shi ma haka. Wanda ya shimfiɗa ragar kalli tun yammacin jiya ya riga ka wurin, kauce masa a wuyanka yake. Ka ce ba ka ga alama ba, na yarda da kai. Amma alamar masunci a nan ba tuta ba ce. Gora ce, ko tsohuwar jarka, ko gorar ruwan roba, wani lokaci guntun soso. Duk inda ka hango ɗaya, ka nemi 'yar'uwarta, domin raga tana tsakaninsu. In ba ka gane inda ta nufa ba, naɗe zarenka ka zagaya.

Sarƙewar kanta ba ita ce ta ɓata wa mutane rai ba, kowa yana sarƙewa. Jan da ka yi da inji ne. Abin da ake yi shi ne a kashe inji, a koma baya da filafili, a ɗaga ragar a zare ƙugiya da hannu. In ta ƙi fita, zarenka za ka yanke, ka bar kifin robar a jikin raga, ka nemi mai ita ka gaya masa don kada ƙugiya ta soke masa hannu yana ja da asuba. Kifin roba kuɗin cefanen kwana biyu ne. Ragar nan kuwa watakila bashi ya ci wajen dillalin kifi ya saye ta, kuma da ita gidansa yake ci.

Ni ma na taɓa yi, shi ya sa maganar take taɓa ni. Ina da ƙuruciya na ratsa ta kan mamarin wani Basarke a kusa da tsibirin Foge, farfela ta naɗe igiyar ta tsinka. Ƙugiyoyi ɗaruruwa ya kwana yana ɗaurawa. Da ya iso bai zage ni ba. Ya tattara abin da ya saura cikin kwalekwale, ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ya juya. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shi ya tasa ni gaba har gidan mutumin da dare, na zauna a tabarma ina ɗaura ƙugiya har hannuna ya yi jini. Daga baya wannan dattijon ne ya nuna mini ramukan giwan ruwa guda uku da har yau nake ci a cikinsu.

Tsakaninku masu jan ƙugiya ma akwai ladabi, tunda na ga kuna ƙaruwa. Kada ka taɓa gittawa ta bayan jirgin da yake ja, ka ba shi aƙalla mita 100 kafin ka tsallaka. In ka tarar ana zagaya wani dutse, ka shiga layi ta inda ake bi, kada ka zo ta kishiya, kada kuma ka sha gaban wanda ya riga ka. In kun yi gaba da gaba da wani jirgi, kowa ya karkata damarsa, ƙa'idar ke nan a ruwan duniya duka. In ka ga sandar wani ta lanƙwashe, naɗe naka ka ba shi fili, domin babban giwan ruwa yana iya jan zare ya yi duk inda ya ga dama, kuma in ya harɗe da naka duka biyunku kun yi asara. Sai masu kwalekwale da masu jefa ragar birgi: rage mai tun daga nesa. Igiyar ruwan da injinka yake tayarwa kai ba ka jin ta, amma mutumin da yake tsaye a goshin kwalekwale da birgi a kafaɗa tana iya kifar da shi. Ka yi sallama, ka tambaya, "Baba, ina ragarku ta bi?" Ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan tambayar ya ƙi nunawa ba.

Ruwa na Allah ne, gaskiyarka. Amma kafin a haife ka akwai Sarkin Ruwa, akwai kuma sanin wa yake shimfiɗa a ina, kuma da wannan ne mutane masu yawa suke ci a ruwa ɗaya ba a zub da jini ba. Laifin yagewar naka ne, mayar da maganar kuma ya fi yagewar muni, don sa'an mahaifinka ne.

Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle dattijo. Kada ka bari a kai maganar gaban Sarkin Ruwa kafin ka je. Nemi wani babba a gidanku ya raka ka, ka riƙe goro da ƙullin zaren gyaran raga. Ka ba shi haƙuri a kan maganar tukuna, sannan ka tambaye shi nawa gyaran zai ci. In ya ce ya yafe kuɗin, ka zauna ka riƙe masa bakin ragar yana ɗinki har a gama.