Wani ejan ya ce Slavia Prague na son ƙanena, mu biya kuɗin gwaji?

TAMBAYA: Salam yallaɓai. Ƙanena shekararsa 17, yana buga lamba bakwai a wata akademi a Kaduna. Wani ejan ya kawo takarda mai tambarin Slavia Prague wai sun gayyace shi gwaji, amma sai mun biya kuɗin fom da biza da jirgi kafin ƙarshen wata. Babanmu har ya sa fili a kasuwa, ni ko barci ba na iya yi. Wai kulob ɗin nan na gaske ne, yana da tarihi? Kuma tauraron nan ja da ke rigarsu ba na 'yan kwaminis ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka je ka roƙi Baba ya dakata da maganar filin nan yau ɗin nan, ka dawo mu yi magana.

Kulob dai na gaske ne, ya ma girmi yawancin waɗanda muke kallo a gidan kallo. Ɗaliban likitanci ne suka kafa shi a Prague, babban birnin ƙasar Czech, a 1892, da tseren keke ma suka fara, sai 1896 ƙwallo ta shigo, shekarar da suka fara karawa da Sparta, dabin da har yau garin ke rabuwa biyu a kansa. Rigarsu rabi ja rabi fari, shi ya sa ake musu laƙabi da masu ɗinkakkiyar riga. Wani ɗan Scotland, John Madden, tsohon ɗan wasan Celtic, ya horar da su shekara 25 cur daga 1905 zuwa 1930, a Prague ɗin aka binne shi. Gola Planicka da ya tsare wa Czechoslovakia raga a fainal ɗin kofin duniya na 1934 nasu ne, haka Josef Bican, mai ƙwallo 805 ɗin nan da Ronaldo bai wuce ba sai 2022.

Maganar tauraro kuwa, ka duba da kyau, tsininsa ƙasa yake kallo, kuma yana rigar tun kafin a san za a yi Tarayyar Soviet. Kai su kwaminis ɗin ma su suka fi gasa wa Slavia aya a hannu bayan sun karɓi mulki a 1948, suna mata kallon ƙungiyar 'yan boko da masu hali. Aka rushe filinta na Letna don a gina mutum-mutumin Stalin a wajen, aka canza mata suna zuwa Dynamo, aka kwashe 'yan wasa zuwa ƙungiyar soja wato Dukla, har rukuni na biyu ta faɗa. Daga 1947 ba su sake ɗaga kofin lig ba sai 1996 zamanin su Poborsky da Smicer, shekara 49 magoya baya na zuwa fili ba kofi ba su gudu ba, wannan abu yana burge ni ƙwarai.

To yanzu ga abin da ke cin raina, don kusan kullum sai an turo min irin takardar nan, yau Czech gobe Turkiyya jibi Cyprus. Mutanenmu sun ɗauka in kulob na gaske ne to takardar ma ta gaske ce, alhali tambarin Slavia ko yaron kafe zai sauko da shi daga intanet ya manna a minti biyu. Kuma 'yan damfarar nan ba wawaye ba ne, sun san in suka ce Madrid kowa zai yi dariya, sai su zaɓi ƙungiyar da da gaske take ɗaukar 'yan Afirka, su nuna maka hoton Peter Olayinka ko Igoh Ogbu cikin ja da fari su ce ga ɗan'uwanka nan. Amma ba za su gaya maka hanyar da suka bi ba. Olayinka sai da ya buga a Albaniya da Beljiyam kafin Slavia ta saye shi a 2018. Ogbu daga Lillestrom ta Norway ya zo a 2023. Yira Sor, shi ma ɗan Najeriya, sai da ya nuna kansa a Banik Ostrava ta can Czech. Kulob ne ya biya kulob aka yi ciniki. Ƙungiyar da ta fitar da Sevilla daga gasar Europa a 2019, ta fitar da Leicester a 2021, ta sayar wa West Ham Soucek da Coufal, ita ce za ta zauna jiran kuɗin filin Baba a Kaduna? Haba don Allah.

Ga kuma doka. Sashe na 19 na dokar cinikin 'yan wasa ta FIFA ya hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa ya sa hannu, 'yan togaciyar da ke ciki irin iyaye su ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ba su shafi ƙanenka ba. Gwaji ana iya kiransa, amma shi ma da fom ɗin FIFA da kulob ke cikewa, da rubutacciyar yardar iyaye, kuma dokar ta hana a nemi ko a karɓi kuɗi don gwaji. Wato kalmar kuɗin fom ɗin nan kaɗai ta isa ta tona masa asiri.

Abin da na sha gani shi ne ɗayan biyu. Ko a karɓi kuɗin waya ta mutu, wannan ma da sauƙi. Ko a samo wa yaro bizar yawon buɗe ido ta kwana 90, a sauke shi a wani ɗan otal, ejan ya ce zai je ya dawo, ya tafi da fasfo, biza ta ƙare, yaro ga sanyi ga yunwa ga kunyar kiran gida ya ce an cuce shi bayan an yi masa walimar tafiya. Kuma mu manya muna da laifi wallahi, mu ke cewa a yi shiru kar maƙiya su ji, wannan shirun shi ne jarin macuci, da an tambayi mutum biyu da tuni an gano. Su ma wasu masu akademi ana raba kuɗin da su, suna kallon idon uban yaro suna cewa ai dama sau ɗaya take zuwa. Ku ji tsoron Allah, gumin talaka ne.

Ka nemi cikakken sunan ejan ɗin da lambar lasisinsa, FIFA na da jerin masu lasisi a shafinta, ka duba da idonka. Ka tura hoton takardar ta imel ɗin da ke shafin Slavia na ainihi, kar ka yi amfani da wanda ya ba ka. Biza kuma ofishin jakadancin Czech yana Abuja, yaro ne zai nema da sunansa, fasfonsa ya zauna a hannunku. In ya fara cewa lokaci na ƙurewa ko za a ba wani gurbin, ka ce masa a ba wani.