Ga 'yar'uwar da aka ɗora wa gyaran ɗakin mai korona

'Yar'uwa, sannu. Kin ce maigidan da kike aiki a gidansa ya kwanta da korona, uwar ɗakinki ta ɗora miki gyaran ɗakinsa da wankinsa, ko takunkumi ba ta ba ki ba. Wannan hali duk mun san shi. Ita tana falo, ƙofar mijinta ma ba ta leƙawa, ke ce mai kwaso kwanukansa da tsumman majina. Gobe ki yi tari sau ɗaya, a ce ke kika kwaso musu daga waje, a zaftare albashi ko a ce tattara kayanki. Wallahi abin da ciwo.

In kin shiga, fara da taga. Cutar nan ta iska ta fi kama mutum, don haka ki buɗe ta, shi ma ya sa takunkumi, ki bar aƙalla mita ɗaya tsakaninku, kada ki daɗe. Naki takunkumin in ya jiƙe da gumi ya tashi daga aiki, ki kama igiyar kunne ki cire, ban da taɓa gabansa.

Bilic kuwa, wato ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta da faranta kaya, nan ake ɓarna. Mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ƙaramin cokali 4 ya isa lita ɗaya ta ruwan sanyi. Ki fara goge wurin da sabulu, don datti na kashe ƙarfinsa, sannan ki shafa, ya yi minti ɗaya kafin ki goge. Haɗin jiya ki zubar. Kada ki kuskura ki gauraya shi da maganin wanke masai, hayaƙinsa na ƙona huhu. Wasu iyayen ɗakin gani suke yawansa ne tsabta, ke ce hannunki zai tsattsage.

Zanin gado kada ki kakkaɓe, naɗe shi a hankali, a wanke da ruwan zafi digiri 60 zuwa 90, ya bushe ƙarau. Safar hannu ba ta ɗauke miki wankin hannu ba, kina cirewa sai sabulu, daƙiƙa 20 aƙalla.

Kayan nan duk uwar ɗakinki ya kamata ta saya. Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 2011, ta ce 'yar aiki na da haƙƙin wurin aiki marar haɗari. Ki tambaye ta tun yanzu, ta saƙon waya don ya zama shaida, wa zai biya magani in kin kamu. Alamu na iya kaiwa kwana 14 kafin su fito, in numfashi ya fara sarƙe miki kada ki jira izinin kowa, ki tafi asibiti.