Mu Ma Hausa Muke Yi: Amsa Daga Zangon Kumasi

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kun koma Kano lafiya. Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka ce tun da kuka dawo daga ɗaurin auren nan Hajiya take ƙorafi, wai gwaggon amarya ta dube ta ta ce "ka zauna, ka sha ruwa" kamar tana magana da wani ƙato. Sannan ka jefo tambayarka cikin raha, ko da yake na san biri ya yi kama da mutum: anya mu Hausawa ne kuwa, ko suna kawai ya rage mana?

Ka fara ba Hajiya haƙuri a madadina. Matar nan girmama ta ta yi iyakar yadda bakinta ya iya. A Hausar Gana yawancin mutane ba su da "ki", ba su da "ta". Yaro zai ce maka "mamana ya tafi kasuwa", uwar tana ji ba za ta gyara masa ba, don ita ma haka take faɗa. Ni kaina haka na taso. Sai da aka kawo ni gidan kakanka karatu, na shekara tara ina shan dariya a Kano, kafin harshena ya saba da raba mace da namiji.

Abin yana da asali. Kakanninmu fataken goro ne, Gwanja suka nufa, kasuwar Salaga, da jakuna da kanwa da tufafi. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892 sai suka watsu, wasu Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan mutumin Kano, ya zauna yana koyarwa har ya rasu a 1934, wasu Kumasi, wasu har Accra, wadda tsofaffinmu ke ce wa Ankara. Falke kuwa ba kasafai yake tafiya da iyali ba. Inda ya sauke kaya nan ya yi aure. 'Ya'yansa sun koyi Hausa a bayan uwa Badagomba ko 'yar Mosi ko Batona, wato 'yar Tonawa, mutanen Asante masu garin Kumasi, kuma duk harsunan nan kalma ɗaya suke da ita ta "shi" da "ita". Ƙara da cewa zango ba na Bahaushe ba ne shi kaɗai. A layinmu akwai Zabarmawa, Wangarawa, Kotokoli, Fulani, Yarbawa, kuma Hausa ce kowa ke sayen koko da ita. Harshen da ya zama tabarmar kowa dole gefensa ya sule.

Shi ya sa ka ji muna cewa "cau" maimakon kyau, "jara" maimakon gyara. Ƙ da ɗ kuwa sun faɗi a hanya tuntuni. Ka tuna da yarinyar da ta leƙo ta ce maka "baki sun zo", ka tsaya kana kallon bakinta? Baƙi take nufi. Mu nan baki na cin tuwo da baƙi na launi da baƙin da suka yi sallama duk hanya ɗaya suke fita, zancen ne ke rarrabe su.

Maganar kuɗin da ta kusa tayar da kawunka daga kan tabarma ita ma ba haɗama ba ce. A 2007 gwamnati ta sauya sidi, kuɗin Gana, dubu goma na da ya koma ɗaya. Takarda ta sauya, bakin mutane bai sauya ba, musamman tsofaffi da matan kasuwa. Da waliyyin amarya ya ce "miliyan ashirin", sidi dubu biyu yake nufi. Na ga yadda kawunka ya gyara hula. Laifina ne, da na sanar da ku tun a mota.

Sai batun da ya fi damunka, wato ganina da ka yi ranar Asabar a wurin makokin maƙwabcinmu Batone, mutane sanye da baƙi da ja, ana kiɗa, ana shelar abin da kowa ya bayar da lasifika. Ka ce mamacin ya fi wata biyu a ɗakin ajiye gawa, me ya kai Musulmi can? Ɗana, mutumin nan shekara talatin muna katanga ɗaya. Ranar da mahaifiyata ta rasu da hantsi muka binne ta bayan azahar, shi kuwa ya zo da yamma ransa a ɓace, yana ganin mun yi mata jana'izar marar gata. Sai da na zaunar da shi na ce a wurinmu gaggawar ita ce gatan. Bai gamsu ba sarai, amma ya zauna zaman makoki kwana uku. In nasa ya zo na ƙi leƙawa, da wane ido zan dubi 'ya'yansa? Ina zuwa, in gaisa, in ba da gudummawata, in tashi kafin a fito da kwalabe. Babban limamin ƙasar nan ma, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika a Accra a 2019, shekarar da ya cika ɗari, ya gaishe su ya fito da rawaninsa. Wanda ya ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi maƙwabta a manyan motoci, ya san abin da zaman lafiya da mai gari yake nufi.

Kuma zama da Tonawa yana da ƙa'idarsa da muka koya. In ka shiga taro daga dama kake fara miƙa hannu, ka bi layi zuwa hagu. A ba ka ruwa, sannan a tambaye ka abin da ke tafe da kai, ko da su suka aika a kira ka. Sarki kuwa ba a yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin okyeame, kakakinsa mai sandar nan, ko da sarkin na jin kowace kalma taka. Wani abin ma kamar gida: Kofi ɗinsu Ɗanjuma ne, Kwasi Ɗanladi.

Ni dai abin da na lura, da Tonawa ba mu cika samun matsala ba, don kowa ya san harshe biyu ne, ana neman tafinta, ana yi wa juna uzuri. Da ku mutanen gida ne ake yin karo. Kalmomin iri ɗaya ne, sai kowa ya ɗauka ya fahimta. Ku ji mu kamar marasa ladabi, mu kuma mu ji ku kuna kewaye-kewaye. Gwaggon amaryar nan har yau tana jiran Hajiya ta aiko da amsa kan ranar tarewa, don da ta tambaye ta Hajiya ta ce "to, Allah ya kai mu", ita kuwa ta ɗauka an amince da ranar da ta faɗa. Ni da na zauna a Kano na san wannan "to" ɗin ba ta kai ko'ina ba.

Saboda haka ka sa Hajiya ta kira ta ranar Juma'a bayan la'asar, agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya. Ta faɗi rana da wata ƙarara. In ta ji an ce mata "ka yi hakuri", ta amsa kawai. Goron da na ba direba daushe ne na Hajiya, kada yaran shago su taɓa shi.